Yaro na gyaran kayan wuta a gida: wanne zai buɗe, wanne zai bari?

Wata baiwar Allah daga Marwa ta aiko da tambaya. Ɗanta mai shekara 17 ya taso da son kwance-kwance, yana kallon bidiyon gyara a waya, ya riga ya tayar da fankar ɗakinta da dutsen guga, har maƙwabta sun fara kawo masa nasu. Yanzu ya jawo wata tsohuwar talabijin mai ƙeya da wani maikirowef da aka saya a wajen masu kayan gwanjo, ya ce zai buɗe su. Tana so ta ji: ta bar shi, ko ta hana?

Hajiya, ina gaisuwa. Allah ya raya mana shi, ya sa wa hannunsa albarka. Kada ki hana shi sana'ar, da ita nake ci da iyalina a nan Garwa, kuma yaron da ya tayar da fanka ba tare da kowa ya nuna masa ba yana da kai. Amma waɗannan biyun, talabijin ɗin da maikirowef ɗin, ki sa a fitar da su daga ɗakinsa yau, kada ki bari sai gobe. Duk cikin kayan gida babu waɗanda suka fi su haɗari ga mai buɗewa, kuma shi ya je ya ɗauko su biyun a lokaci guda.

Bidiyon waya yana nuna wa yaro inda zai sa sukudireba da wayar da zai canza. Abin da ba ya iya nuna masa shi ne wutar da ke kwance cikin na'urar, domin ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta ƙara. Waya mai wuta da marar wuta kamanninsu ɗaya. A nan haɗarin sana'armu yake, ba a wuyar aikin ba.

Wutar gidajenmu a Kamaru da Chadi bolt 220 ce. Amma abin da ke kisa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki, wadda ake aunawa da miliyamfiya. Miliyamfiya 1, mutum zai ji tsam. Daga 10 zuwa 15, jijiyoyin hannu su ɗaure, yatsu su damƙe wayar, mutum yana so ya saki ya kasa, shi ne ake cewa wuta ta riƙe shi. Daga 50 zuwa 100, idan ta bi ta ƙirji, bugun zuciya ya rikice, ta daina tura jini. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 kansa yana jan kusan miliyamfiya 270. Kin ga ke nan wutar da ke haska ƙwai ɗaya ta wuce abin da zuciya za ta iya ɗauka nesa ba kusa ba. Busasshiyar fata tana ɗan tarewa, shi ya sa wani zai ce miki wuta ta sha jan sa bai mutu ba. Jiƙaƙƙiya ba ta tare komai, tana iya barin sama da miliyamfiya 200 su wuce. To ki duba yadda yaranmu ke aiki: watan Afrilu a Marwa, zafi ya haura digiri 40, gumi ya jiƙe tafin hannu, yana zaune a kan siminti ba takalmi, wataƙila ma yanzu ya idar da alwala. Wutar ta shiga ta hannu, ta bi ta ƙirji, ta fita ta ƙafa zuwa ƙasa.

Kowa ya san a zare filogi kafin a buɗe abu, kuma ga fanka da dutsen guga da butar lantarki wannan ya kusa wadatarwa. Ga talabijin, na'urar sauti, kwamfuta, inbata da maikirowef, bai wadatar ba, saboda wani abu da muke kira kwandansa. Aikinsa tara wuta. Kamar randa yake: ko an rufe famfo, ruwan da ta riga ta tara yana nan. A allon wutar kusan kowace talabijin, har da masu faɗin nan na zamani, akwai babban kwandansa mai kama da ƙaramin gwangwani, baƙi ko ruwan ƙasa, yana ɗauke da kusan bolt 310, a wasu ma ya kai 400. A na'ura mai lafiya yakan sauke wutarsa bayan an kashe ta. A wadda ta lalace, kuma ita ce aka kawo gyara, yana iya riƙe ta tsawon sa'o'i, wani lokaci kwanaki. Yaro ya zare filogi, hankalinsa kwance, ya juya allon ya riƙe shi ta bayan da aka yi ɗaurin dalma, babban yatsansa ya sauka kan ƙafafun kwandansan biyu. Mu kafin mu taɓa, sai mun sauke wutar ta hanyar da ta dace, sannan mun ɗora maltimita, wato na'urar auna wuta, mun ga ta nuna sifili.

Maikirowef kuwa daban yake da komai. A cikinsa akwai taransifoma mai nauyi da ke ɗaga bolt 220 zuwa kusan 2,000, sannan kwandansa da wani ɗan abu su ninka ta zuwa wajen 4,000 don ciyar da ɓangaren da ke dafa abincin. Kuma ba wuta ce marar ƙarfi ba, tana iya tura kusan rabin amfiya, wato miliyamfiya 500. Wanda ta kama yana kunne, da wuya a kai shi asibiti da rai. A kashe ma bai tsira ba, domin kwandansan, wani gwangwanin ƙarfe ne da ya ɗan fi tafin hannu tsawo, yana iya riƙe bolt 2,000 ko fiye. An saka masa abin da ke tsiyayar da wutar a hankali, amma wannan abin yana mutuwa, kuma ba a gane ya mutu da ido. Kayan aikin yaron ma ba za su kare shi ba. Maltimitar kasuwa iyakarta bolt 600 ko 1,000, sukudireba mai roba ta gaske ita ma 1,000 aka rubuta mata. Akwai kuma ƙananan makunnai a bakin ƙofar da ke hana shi aiki idan tana buɗe. Sau da yawa su ne ke lalacewa su ƙona fiyus, sai mai ƙaramin sani ya haɗe wayoyinsu kai tsaye don abin ya tashi. Daga ranar, na'urar tana iya dafawa ƙofa a buɗe, kuma abin da take yi wa nama a faranti shi za ta yi wa hannu da ido. Ni kaina ba na barin almajiri ya kwance murfin maikirowef sai ina tsaye a kansa, komai daɗewarsa a shago.

Talabijin mai ƙeya tana da tarko biyu. Idan aka cire bayanta za a ga wata waya ja mai kauri da ta tafi ta manne da wata roba mai faɗi a jikin kwalbar da ke nuna hoto. A ƙarƙashin robar nan akwai bolt 20,000 zuwa 30,000 idan tana aiki, kuma kwalbar kanta tana ajiye wuta kwana da kwanaki bayan an kashe. Sau da yawa wannan saurar ba ita ke kisa ba, fizgar da take yi wa hannu ce: ya daki ƙarfe ya tsage, ko ya daki siririn wuyan kwalbar. Kwalbar babu iska a cikinta, idan ta fashe da ƙarfi gilashi yana tashi ko'ina, fuska ce kuma mafi kusa.

Akwai wata al'ada tamu ta nan arewa da ke tayar mini da hankali fiye da duk waɗannan, domin manya ma suna yin ta. Mafi yawan wutar Garwa da Marwa da Ngaundere daga madatsar Lagdo take zuwa, wadda aka gama a 1982 a kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72. Garuruwan sun girma, ruwa kuma yakan ja baya da rani, don haka mun saba da ɗauke wuta. Sai mutum ya ce, tunda an ɗauke, bari in yi maza in gyara soket ɗin nan kafin a kawo. Hajiya, ba a yin sallama kafin a maido wuta. Ko ba a maido ba, maƙwabci na iya tayar da janareta ya haɗa ta da wayar gidansa ba tare da ya katse layin waje ba, wutarsa ta biyo layin ta shigo naki. Ki kafa wa yaron doka: wayar bango, soket, makunni, fankar sama, ba ya taɓa ko ɗaya sai ya je wajen mita ya sauke disjonkta, wato babban makatsin wutar gidan, da hannunsa, ya faɗa wa mutanen gida kada wanda ya ɗaga, ko da gari duka duhu ne. Kashe makunnin bango kaɗai ba ya isa. A gidaje da yawa wanda ya ja wayar ya ɗora makunnin a kan nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, maimakon waya mai wuta, fanka ta tsaya amma wutar tana nan a sama tana jiran wanda ya hau kujera. Ƴar testar nan mai ƙyalli a gindi kuma ba abar dogaro ba ce: a hasken rana ba a ganin ƙyallinta, tana kuma mutuwa shiru. Ya saya maltimita, ya riƙa gwada ta a inda ya tabbata akwai wuta kafin ya yarda da ita a inda yake zaton babu.

To me zai taɓa? Canza filogi da igiyar wuta da ta tsufa. Fankar tsaye: share ƙura, sa mai, canza ƙaramin kwandansanta bayan ya haɗa ƙafafunsa biyu da sukudireba mai roba. Tocila, rediyo mai batir, rimot, lasifika, fitilar sola ta hannu, duk abin da ke aiki da bolt 12 zuwa ƙasa. A nan ake koyon ɗaurin dalma da karanta mita. Ya yi aikin a kan teburin katako, da takalmin roba, hannu a bushe, ba zobe ba agogon ƙarfe, tagar ɗakin a buɗe saboda hayaƙin dalma, ya wanke hannu kafin ya ci abinci. Kuma kada ya yi shi kaɗai a rufaffen ɗaki.

Maganar da na fi so ki riƙe ita ce ta kayan maƙwabta. Da ya fara karɓar na mutane, haɗarin ya tashi daga kansa ya koma kan waɗanda ba su san komai ba. A jikin kowace na'ura akwai ƙananan abubuwa da aka saka don su mutu, na'urar da mai ita su tsira. Fiyus shi ne na farko. Idan ya ƙone, yana gaya maka ne akwai matsala a gaba. Mai ƙaramin sani sai ya naɗa masa zaren tagulla ko takardar kwalin taba mai ƙyalli, abu ya tashi, a yaba masa. Ana kawo mana irin waɗannan a shago, kuma na san su tun kafin in kwance, warin ƙonanniyar roba ke fara isowa. Ka buɗe ka tarar da allon ya yi baƙi kamar gawayi, wayoyi sun narke sun manne da juna, zaren tagullar nan kuwa yana nan lafiya lau, shi kaɗai ya tsira. A cikin naɗin injin fanka, da dutsen guga, da tukunyar dafa shinkafa, akwai wani fiyus na zafi, bai fi ƙwayar wake ba, wanda ke katse wuta idan zafi ya wuce kima. Ana yawan tsallake shi da waya saboda neman irinsa yana da ɗan wahala. Fankar da aka yi wa haka za ta yi wata da watanni tana juyawa, sai daren da ƙura ta riƙe ta cikin ɗakin da yara ke barci a gidan sauro. Ki tambaye shi kai tsaye: dutsen gugar da ya gyara miki, me ya canza a ciki? Idan ya ce haɗe wata waya kawai ya yi, ki daina amfani da shi sai an duba. Dokar ita ce duk abin kariya da ya mutu, a nemo dalilin mutuwarsa, a maye shi da irinsa mai lamba ɗaya.

Filogi ma yana cikin wannan. Kayan da ke shigowa daga Mubi da Kano suna zuwa da mai ƙafa uku masu faɗi, soket ɗinmu kuma ramukansa zagayayyu ne. Sai a datse filogin, a tura tsirarun wayoyi biyu cikin soket, a tokare da tsinken ashana, ta ukun a bar ta tana lilo. An jefar da abu biyu ke nan: fiyus ɗin da ke cikin filogin, yawanci mai amfiya 13, da wayar ƙasa. Wayar ƙasan nan, mai launin kore da rawaya, ita ce ke kwashe wuta idan ta zubo jikin ƙarfen firji ko dutsen guga. Idan babu ita, jikin wanda ya taɓa shi ne hanyar. Idan yaronki ya koyi ɗaura filogi daidai, ruwan ƙasa ga wuta, shuɗiya ga nutural, kore da rawaya ga ƙasa, ya bi gidajen unguwa yana raba su da tsinken ashana, ya yi aikin da ya fi gyaran talabijin goma lada. Kayan gwanjo kuma ya riƙa karanta takardar da ke bayansu: da yawa cikin waɗanda suka fito daga Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne kawai, a soket ɗinmu ƙonewa suke yi nan take.

Firji ya bar wa masu shi. Yawancin na yanzu an rubuta R600a a jikin kwamfuresa, kuma wannan iska ƴar uwar gas ɗin girki ce, tana kama wuta. Ke ma, Hajiya, kada ki bari a ɓamɓare ƙanƙara da wuƙa, bututun yana nan ƙarƙashinta, siriri ne. A kashe, a bar ƙofa buɗe ta narke. Hitar da ake tsomawa a bokiti lokacin sanyi ba a gyara ta, idan ta tsage a yar, kuma ba a sa hannu a ji ɗumin ruwa tana jone.

Batir yana yaudarar yara saboda ba ya ja. Na waya idan ya kumbura har ya ɗaga murfi, iska ce ta taru a ciki. A manne yake da gam, sai yaro ya sa wuƙa ya ɗago shi. Da tsinin ya huda shi, cikin daƙiƙu zai yi huci, ya fitar da farin hayaƙi mai guba, ya kama da wuta mai wuyar kashewa. Idan haka ta faru a ture shi waje kan ƙasa, a zuba yashi, a matsa nesa. Babban batirin sola mai bolt 12 ba zai ja mutum ba, amma idan sifana ta haɗe kawunansa biyu, ɗaruruwan amfiya ne ke bi ta cikinta, ta yi ja kamar daga maƙera, zobe kuma ya ƙone yatsa har ƙashi. Yana fitar da iska mai fashewa lokacin caji, don haka ba a duba shi da ashana ko taba a baki. Ruwansa idan ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 15 sannan a tafi asibiti. Faifan sola ba shi da makunni, muddin rana na dukansa yana ba da wuta, kuma idan an jera da yawa bolt ɗinsu haɗuwa yake. Abin da ke fita daga inbata kuwa bolt 220 ne cif, ba shi da bambanci da na layi.

Idan za ki kashe kuɗi a kan abu ɗaya saboda yaron nan, ki kira mai aikin wuta na gaske ya saka miki makatsin da ke jin zubar wuta, wanda aka rubuta 30 mA a jikinsa, ya kuma duba ko gidan yana da wayar ƙasa da aka binne da gaske. Wannan makatsi yana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, da ya ga an samu giɓin miliyamfiya 30 sai ya katse kafin ƙiftawar ido. Babban disjonktan da ke kusa da mita, ki duba, a da yawa 500 mA aka rubuta. Yana taimakawa wajen gobara, amma kin riga kin ji abin da 100 ke yi wa zuciya. Sabon yana da ɗan maɓalli mai harafin T, a riƙa danna shi duk wata a ga ya faɗi. Sai dai ki sani ba ya kare kowa daga wutar da kwandansa ya ajiye, ko wadda ke bayan taransifomar maikirowef.

Allah ya kiyaye, amma kowa a gidan ya san abin yi. Wanda wuta ta riƙe ba a cafke shi, kuma uwa ce ta fi kowa saurin yin hakan. A ruga a sauke disjonkta ko a zare filogi. Idan sun yi nisa, a tsaya kan busasshen abu a ture wayar da busasshiyar sanda ko taɓarya. Idan ya faɗi ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, wani ya kira ƴan kwana-kwana a 118 ko ya nemo mota, wani ya kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ya ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji yana dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa har a samu taimako. Ba a ɗura masa madara ko ruwa, wanda ya suma shaƙewa zai yi. Ƙungiyar agaji ta Red Cross tana koyar da wannan dannawar, ya kamata shi yaron da wani babba a gidan su je su koya. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, idan wutar ta riƙe shi, ko ya suma, ko yana jin ƙirji, a kai shi asibiti a duba zuciyar. Ƙunar wuta ƙarama take a fata, ɓarnar tana ciki. Gobarar lantarki kuma ba a watsa mata ruwa sai an katse wutar, yashi ake zubawa.

Shawarata ita ce ki nema masa maigida. Makarantun fasaha na gwamnati, lise teknik da CETIC, suna da sashen lantarki, idan karatunsa zai ba da dama. In ba haka ba, shago bayan makaranta da lokacin hutu. Kafin a miƙa shi, mahaifinsa ko kawunsa ya je ya zauna a shagon na ɗan lokaci kamar mai jiran gyara, ya lura: shin maigidan yana ɗora mita kafin ya sa hannu? Akwai fiyus iri-iri a aljihun teburinsa, ko zaren tagulla yake naɗawa? Yaran shagon da takalmi suke? Wanda ke gwada wuta da bayan yatsa yana dariya, a wuce shi ko da duk Marwa shi ake yabo.

Talabijin ɗin, mutum biyu su ɗauke ta, kada a riƙe ta wuyan kwalbar idan ya riga ya cire bayan. A kai su duka biyun wurin mai gyara, yaron ya bi su, ya tsaya ya kalli yadda ake sauke wutar kafin a taɓa komai. Idan an ce ba za su gyaru ba, ki bar su a can. Kada su dawo tsakar gida, inda ƙannensa ko yaran da ke bin gwangwan za su fasa su don neman tagullar da ke ciki.